Likitan haƙori ne ya tona asirina

Ƙannena, ina da shekara 17 na fara ƙaurace wa abinci, wai don in rame. Da yunwa ta ci ƙarfina, sai na koma in ci, in je in amayar, in bi da maganin wankin ciki. Shekara huɗu ina haka ba wanda ya sani, don ban yi ramar da za ta tayar da hankalin kowa ba. Abin da ya ruɗe ni ke nan, na ɗauka tunda ban zama ƙashi da rai ba, lafiyata lau.

Likitan haƙori ne ya fara ganewa. Ruwan ciki mai tsami da ke biyo amai ya cinye rufin haƙorana ta ciki, kuma wannan rufi in ya tafi ba ya tohowa. Har yau ruwan sanyi sai na daure.

Haƙori ma da sauƙi. Amai da gudawa suna kwashe sinadarin fotasiyam daga jini, shi kuwa da shi zuciya ke daidaita bugunta. Ranar da na yanke jiki na faɗi a matakala, awo ya nuna zuciyata tana bugawa ba kan tsari ba. A irin wannan hali tana iya tsayawa cak, ko da mutum yana da jikinsa mulmul. Abin haushin, maganin wankin cikin nan a babban hanji yake aiki, bayan jiki ya riga ya tsotse abincin. Ruwa kawai nake zubarwa ina murna.

Da al'adata ta ɗauke ma daɗi na ji, wauta! Ashe alama ce istirojin, sinadarin jikin mace da ke kare ƙarfin ƙashi, ya yi ƙasa, ƙashi kuma ya fara zaizayewa, a daidai shekarun da jiki ke tara ƙarfin ƙashinsa, tarin da ke ƙarewa wajen shekara 30.

Wannan cuta ce, ba iya shege ba, kuma tana kama samari ma. In kun ga kanku a labarina, ku faɗa wa likita gaskiya, har aman da kuke ɓoyewa, ku nemi a auna jini da zuciya. Wanda ya daɗe yana horar da kansa da yunwa kuma, kada ya afka wa abinci da yawa lokaci guda shi kaɗai. Hakan na iya rikita sinadaran jini har zuciya ta gaza, sai likita ya tsara masa a hankali.