Abin da lagireton Alhaji ya koya mini

Motar ta wani Alhaji ce a unguwar Birni, Peugeot 504 doguwa wadda ya gada a wajen mahaifinsa. Ba ya fita da ita sai ranar Juma'a, ko in za a leƙa dangi a Mirriya, amma in ka ga yadda yake goge ta da hannunsa ka san ba ta sayarwa ba ce. Ciwonta ɗaya ne. Da bazara ta kankama, wajen Afrilu da Mayu, zafin Damagaram ya haura digiri 40, sai allurar zafin inji ta haye ja, ruwa ya kama tafasa tun ba a bar gari ba. Lagiretonta na asali ne, jan ƙarfe da tagulla, an liƙe shi da dalma har ba a san sau nawa ba.

Ni na ce masa a sa na alminiyam. Lokacin shekarata biyu da buɗe garejin kaina, ina ji da abin da nake karantawa a waya. Kuma abin da na karanta ba ƙarya ba ne. Jan ƙarfe ya fi alminiyam saurin ɗaukar zafi, amma dalmar da ta haɗa bututun da siraran fallayen nan da iska ke ratsawa ba ta wuce da zafi sosai, kuma tana ruɓewa da tsufa. Na alminiyam ba dalma a jikinsa, bututunsa sun fi faɗi, har layi biyu nasa kan yi aikin layi huɗu na tsohon, ga shi sakayau a hannu. Na zayyana wa Alhaji duk wannan, ya ce, "To, kai ka san aikinka."

Na aika Kano, aka turo mini hoto ta WhatsApp, mai kaya ya rantse na 504 ne. Da ya iso sai na ga ta kaina. Layi uku ne, kauri kamar bulo, tsakaninsa da fanka yatsa ba ya shiga. Bakin ƙasa ya fi tiyo faɗi, kuma babu ramin da ake ɗaura maɓallin zafi mai tada fanka. Laifina ne. Tun 1968 ake ƙera 504, a Faransa, daga baya a Kaduna, akwai mai fetur akwai mai gazuwal, kuma ba lagireto ɗaya suke ɗauka ba. Na mayar da shi, kuɗin mota a aljihuna. A karo na biyu na kwantar da tsohon a kan kwali na zana shi, na auna tsawo da faɗi da kauri da bakin kowane tiyo, na ce mai layi biyu nake so, wanda aka yi wa tankinsa walda, ba mai tankin roba da aka matse da haƙoran ƙarfe ba.

Wannan ya zauna daram. A kan hanya allura ba ta motsi. Amma da muka tsaya a cunkoson Kasuwar Dole, minti goma bai cika ba ta fara hawa.

Da yamma na je Sabon Gari wajen maigidana, wanda na yi shekara bakwai ina wanke masa sifana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, fankar tana kamawa?" Na ce tana juyawa, Baba. Ya ce, "Juyawa na tambaye ka?"

Wanda bai taɓa 404 ko 504 ba ba zai gane tambayar ba. Fankar waɗannan motoci ba a ɗaure take da inji kai tsaye ba. Akwai maganaɗisun lantarki a bayanta, sai ruwa ya yi zafi maɓalli ya ba shi wuta, ya kama ta. Kafin nan tana ɗan juyawa ne kawai, ido ya ɗauka aiki take. Wutar kuma ta wani ɗan gawayi take bi, bai kai kan ɗan yatsa ba. Na koma na duba, gawayin ya cinye ƙurmus. Wato watakila da na canja shi na wanke tsohon lagireto, da magana ta ƙare tun farko. Na faɗa wa Alhaji gaskiya. Ya yi shiru, ya ce, "Allah ya kyauta," wanda ya fi mini zagi ciwo.

Saura kuma maganar ruwa, wadda ita ce ta fi damuna har yau. Mu nan in mota ta sha ruwa, na rijiya ko na famfo ake ɗurawa, ruwan da ke barin farin dutse a gindin buta. Tsohon lagireto yana haƙuri da wannan shekaru, a zare tanki a tsokace bututu a mayar. Alminiyam a jikin injin baƙin ƙarfe ba ya haƙuri. In babu ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, ciki yake cinyewa a hankali, sai ka ga ɗigo ta ramuka kamar na allura. In wayar as ɗin mota, wato wadda ke haɗa batir da jikin mota, ta saki, wuta kan bi ta cikin ruwan ta ƙara saurin ɓarnar. Yanzu nakan sa na'urar awon wuta, baƙar waya a kan batir, ja a cikin ruwan, in ta wuce volt 0.3 na san akwai gyara.

Sai abin da ban yi tunaninsa ba sam. Na ɗaure lagireton ƙam da ƙusa, ban sa robar da ke shanye girgiza ba. Bayan wata huɗu Alhaji ya bi hanyar birji zuwa gaisuwar mutuwa, gefen tanki ya tsage. Da tsohon ne, kowane mai liƙin bokiti a kasuwar ƙauye zai ɗora dalma a wuta ya toshe shi a dawo gida. Alminiyam sai waldar argon, kuma ko a cikin gari ba kowa ke da ita ba. Da igiya aka jawo motar.

Har yanzu ina sa na alminiyam, amma sai na tambayi mai mota inda yake zuwa da kuma wanda ke zuba mata ruwa. Na Alhaji an yi masa walda, na sa roba sama da ƙasa, na ajiye masa jarkar ruwan sanyaya inji a but. Tsohon kuwa ya hana ni sayar wa ƴan gwangwan. Ya sa an wanke shi an sake liƙewa, yana nan naɗe cikin buhu kusa da safaya.