Alhamdulillahi, Turanci ya fito: godiyata ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum. Tun shekaranjiya da sakamakon jarrabawar WAEC ya fito wayata ba ta huta ba, ni ma ban huta ba. Waɗanda na ɗaga kiransu da waɗanda ban samu ɗagawa ba, don Allah ku yafe mini, jikina ne ya mutu murus kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya. Alhamdulillahi. Turanci ya fito, C5, wato na samu kiredit. A kan simintin shagon intanet na yi sujadar godiya, gaban samarin da ke layi, kuma wallahi ban ma tuna da su ba sai da na ɗago.

Ba sai na maimaita muku labarin ba, da yawanku da ku aka sha wannan fama. Kun san tun 2012 da na gama sakandare nake riƙe da kiredit a Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, Turanci kaɗai ya tsaya mini a D7. Kun san makarantar koyon aikin jinya ba ta kallon takardar da babu waɗannan biyar a ciki, kuma ba a haɗa sakamakon da ya wuce zama biyu. Sau uku ina sake zama, biyu WAEC ɗaya NECO, tsakanin ciki da goyo da yaye: D7, E8, D7. Wanda bai taɓa ganin D7 a gaban sunansa ba, da wuya ya gane zafinta. Mai F9 ya san ya faɗi, ya yi kukansa ya share. Ita kuwa D7 a bakin ƙofa take ajiye mutum, yana hango C6, inda kiredit ke farawa, ga ta nan, hannu bai kai ba.

Malamar da ta tsaya mini ta gargaɗe ni kada in kuskura in sa sunanta a Facebook. To ban sa sunan yanka ba, amma duk wanda ya zauna a layinmu ya san Anti Ticha, wadda ta yi shekaru tana koyar da Turanci kafin ta yi ritaya. Anti, ku yi haƙuri, yau kam sai na faɗa.

Ranar farko da na je wurinta na tafi da littafin tsofaffin tambayoyi da na saya a kasuwar Sabon Gari. Ta karɓa, ba ta buɗe farko ba, sai ta juya baya inda amsoshi suke, ta sa reza ta yanke shafukan tas, ta ninke ta cusa a ƙarƙashin katifa. Gabana ya yanke ya faɗi, don a lokacin waɗannan shafukan su ne jarina. Shekara da shekaru haka nake karatu: ta goma sha huɗu B, ta goma sha biyar D, in haddace kamar wadda za ta ba da hadda. Bayan mako biyu ta ciro su da kanta, ta buɗe tsohon ƙamus ɗinta wanda bangonsa ya rabu, ta nuna mini wurare biyu da amsar da aka buga ba daidai ba ce. Ta ce, "'Yar nan, wanda ya buga littafin nan ɗan kasuwa ne, ba shi ya tsara jarrabawar ba. In ya yi kuskure, da ke za a faɗi, shi ya riga ya karɓi kuɗinsa."

Daga nan ta ba ni littafin rubutu sabo. Kalma biyar kullum, ba ƙari. In rubuta kalmar, in rubuta ma'anarta da Hausa, in nemo kishiyarta, sannan in gina jimla tawa ta kaina, ba wadda ke cikin ƙamus ba. A nan na gane inda nake zubewa duk shekarun nan. Ni a sanina duk kalmar da aka liƙa wa in a gaba an juya ta ke nan, don haka da na ga invaluable sai in ce abu marar daraja, ashe abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ake nufi. Haka priceless. Ga stationary da stationery, harafi ɗaya ya raba abin da ke tsaye wuri guda da kayan rubutu. Sannan babban tarkon: sashen da ake neman kalma mafi kusa a ma'ana da sashen da ake neman kishiya, kusa da juna suke, kuma a sashen kishiya sai a ajiye maka 'yar uwar kalmar a cikin zaɓin, tana yi maka murmushi. In ba ka tsaya ka karanta umarnin da ke sama ba, ka san kalmar sarai amma ka ɗauki amsar banza. Tambaya 80 ce ta canki-canka cikin awa ɗaya, wato daƙiƙa 45 kowace tambaya, shi ya sa tsoro ke sa mutum ya tsallake umarnin. Anti ta sa ni karanta takardar cikin kwalin magani, da fom ɗin banki, da allon da ake kafewa a wurin gini, saboda ana tambayar kalmomin sana'o'i, na asibiti da na kotu da na noma da sauransu.

Takardar furuci kuwa, mai tambaya 60 a minti 45, ita na fi jin tsoro. Mu Hausawa p da f sun daɗe suna ba mu wahala. Sai ta yago 'yar takarda ta riƙe a gaban bakina, ta ce in ce pan, takardar ta motsa. In ce fan, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Matar da ta haifi kamata, ta zauna a tabarma tana hura takarda tare da ni, ba ta taɓa nuna gajiya ba, ba ta taɓa karɓar ko sisina ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan saƙo shi ne daren jajibirin jarrabawa. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Bayan magariba wani saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba, wai amsoshin gobe sun fito, a tura dubu biyar. Na san haramun ne, na san yawancinsu 'yan damfara ne, na san ana riƙe sakamakon mutum ko a soke shi a kan haka. Duk na sani. Amma na zauna a bakin gado ina kallon saƙon nan har aka kira isha, ina tuna D7 uku, ina tuna kuɗin rajistar da maigidana ya haɗa da kyar. Na buɗe asusuna na banki a waya, na rubuta lambar, yatsana yana rawa. Allah ne kaɗai ya ɗaga ni daga wurin, na zari hijabi na nufi gidan Anti cikin sanyin hunturu, ga shi babu wuta a unguwa.

Ina shiga na fashe da kuka. Na ce, "Anti, na gaji. Ku bar ni in saya sau ɗaya tak, Allah ya ga zuciyata." Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta ce uffan ba. Ta karɓi wayar, ta buɗe kwanon samira da ke kan kabad ta jefa ta ciki ta rufe. Ta ɗumama mini kunun gyaɗa. Sannan ta ɗauko tabaranta, wanda ƙafarsa ɗaya da zare aka ɗaure, ta maƙale tocila tsakanin wuya da kafaɗa, ta buɗe littafina daga shafin farko. Ta faɗi kalma, in ba da ma'ana, in ba da kishiya. Muryata tana rawa da farko, can sai ta daidaita. Har ƙarfe sha ɗaya muna yi, huɗu kacal na kuskure. Ta rufe littafin ta dafa kaina ta ce, "To waɗannan wa ya turo miki su? Nawa kika biya?" Wayar a wurinta ta kwana. Da asuba ina fitowa na same ta tsaye a ƙofar gida cikin rigar sanyi, riƙe da wayata da biro biyu da dabino bakwai a ƙullin leda.

Ya Allah, Kai ne shaida. Ka saka wa baiwar nan taka da gidan Aljanna Firdausi. Ka jiƙan mijinta da iyayenta, Ka raya mata zuri'a, Ka sa kowace kalma da ta koya mini ta zame mata haske a kabari. Amin ya Hayyu ya Ƙayyumu.

Abban yara, ban san da wane baki zan gode maka ba. Kai ka yi wankan yara, ka kai su makaranta, ka ci ɗumame ba ƙorafi wata huɗu, kuma a daren nan kai ka biyo ni da fitila ka tsaya a waje cikin sanyi ba ka tambaye ni komai ba. Allah ya ƙara buɗi, ya bar mu tare. Maman 'Yan Biyu da ta riƙe mini jaririya duk ranakun jarrabawa, har da ba ta magani a kan lokaci. Autanmu, da ya koya mini riƙe linzamin kwamfuta, tunda daga 2024 jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu ta farkon shekara ta koma kwamfuta, ni kuwa ban taɓa zama gabanta ba. Mai Adaidaita Sahun da ya jira ni har aka tashi ya ƙi karɓar kuɗin jira. Yaron shagon intanet da ya juyo da allon wajena don in riga kowa gani. Matan Islamiyyarmu da suka sa ni a addu'a. Allah ya biya ku da abin da ya fi wannan.

Akwai kuma waɗanda jininmu ɗaya, da ko "ya jarrabawa?" ban ji daga bakinsu ba. Har da wanda ya faɗa a gaban Umma cewa kuɗin rajistar gara a sayi shinkafa da su, mai 'ya'ya uku me za ta yi da boko. Maganar ta iso ni, na haɗiye. Jiya sun kira, na amsa da fara'a. Allah ya bar zumunci.

Baba, Allah ya kai haske kabarinka. Kai ka fara kai ni wannan jarrabawa a bayan kekenka, ba ka ga ƙarshenta ba.

Na kai wa Anti takardar jiya da yamma. Sai da ta matso da ita dab da fuskarta kafin ta iya ganin C5 ɗin, don yanar ido ta fara rufe mata idon hagu, watan gobe za a yi mata aiki. Ashe da wannan idon ta yi ta karanta mini a hasken tocila, ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce in huta kwana uku, ranar Litinin in dawo da littafin, saura JAMB, jarrabawar shiga manyan makarantu, da tambayoyinta 60 na Turanci. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa don Allah ya sa Anti Ticha a addu'a, Allah ya sa a yi aikin idon nan a sa'a.