Wa ke jan ragama idan an haɗa ƙananan tashoshin sola?

Jona ƙaramar tashar sola da wata, ko da layin kamfanin rarraba wuta kamar yadda aka yi a Toto ta jihar Nasarawa da Zawaciki a Kano, ba jan waya ne kawai ba. Tambayar farko ita ce: wa zai riƙe bugun wutar? A Najeriya wuta na bugawa sau 50 a daƙiƙa, bolt 230 a fes ɗaya (wato ɗaya daga cikin wayoyi uku masu ɗauke da wuta), 400 tsakanin fes biyu. Muddin wutar NEPA na nan, ita ce liman, kowace inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ko ta sola irin ta gida, bin ta take yi. Da zarar an ɗauke, dole inbatar batir ta karɓi limancin, domin inbatar da ke jone da farantan sola ba ta iya kafa bugu da kanta.

To idan limamai biyu ne fa, kowace tasha da batirinta? Sai a saita kowace inbata ta riƙa sassauta bugunta kaɗan yayin da lodi ke ƙaruwa. A ce an sa kashi 2 cikin 100: ba lodi 50, cikakken lodi 49. Idan ɗaya mai kilowat 100 ce, ɗaya mai 50, kuma saitinsu ɗaya, za su raba nauyin biyu bisa ɗaya ba tare da wayar sadarwa ba. Daga baya kwamfutar kula da tashar ta maido da bugun 50. Inda ake samun tangarɗa shi ne doguwar waya siririya: bolt na zubewa a hanya, inbatar da ke kusa da masu injin niƙa ta yi ta zafi, ta nesa tana hutawa.

Lokacin rufe makunnin haɗi ya fi komai haɗari. Ƙa'idar injiniyoyin lantarki kan jona tasha da layi, IEEE 1547, ta ce ga tashar da ba ta wuce kVA 500 ba (ma'aunin girman tasha, makusancin kilowat), kada bambancin bugu ya haura 0.3, na bolt kashi 10, na kusurwa, wato yadda bugun ɗaya ke riga na ɗayan, digiri 20. Aikin na'urar daidaitawa ne wannan, ba na hannu ba. Kafin ma a kai nan, a auna jerin fes ɗin ɓangarorin biyu; waya ɗaya da aka juya ta isa ta ƙona inbata.

Haka kuma idan layin kamfani ya mutu, tilas tashar ta yanke kanta daga layin cikin daƙiƙa 2, kada ta tura wuta kan ma'aikacin da ke saman falwaya.

Sai tsakar rana, batir ya cika, rana na ƙwallewa, kasuwa ta tafi salla. Inbatar batir irin Sunny Island takan ɗaga bugu daga 51 zuwa 52 don farantan su rage aiki. Idan janareta na ciki, a bar masa aƙalla kashi 30 na lodinsa, kuma a sa masa kariyar komawar wuta, in ba haka ba wutar sola ta koma cikinsa ta riƙa juya shi, gas ɗin da bai ƙone ba ya taru a salansa.