Muryar wa za a ji yanzu?

Shekara biyu na yi ina ɗaukar bafil, wato manyan lasifikoki, a ka da naɗe waya kafin maigidana ya yarda in zauna gaban teburin sauti ni kaɗai. Shagonmu na hayar kayan sauti ne a nan Maradi. Biki, suna, walimar sauka, taron 'yan siyasa, duk wanda ya biya muna zuwa. Ni Musulmi ne, shi kuwa Kirista ne, ɗan ikilisiyar EERN ta masu bishara a Nijar, mahaifinsa ma a Tsibiri ya yi karatun Littafi Mai Tsarki. Shi ya sa aikin majami'u ke yawan faɗo mana, musamman lokacin Nowel da Pak, wato Kirsimeti da Ista, ko in amfilin wata majami'a, na'urar ƙara sauti, ya ƙone ranar Asabar da dare.

A da, in aka ce sujadar Kirista, abin da ke zuwa raina kiɗa ne da waƙa da tafi, don shi kunne ke jiyowa daga bayan katanga. Kuma ba laifina ba ne sosai. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, sai mutum ya girma ya tsufa a garin nan bai taɓa leƙa cikin majami'a ba.

Aikina na farko ni kaɗai a wurin 'yan Katolika ne, ɗaurin aure haɗe da mes, wato babbar sujadarsu. Komai ya tafi daidai har aka gama karɓar Jibin Ubangiji, gurasa mai tsarki da ake ba masu sujada. Mutane suka koma kan benci, mawaƙa suka yi shiru, fada, wato limaminsu, ya zauna ya sunkuyar da kai. Babu mai motsi. To mu a gidan biki, shiru abin kunya ne ga mai sauti. In kiɗa ya tsaya na minti ɗaya, kai ake harara. Na duba amfili, yana ci. Na ce a raina wataƙila mawaƙan ne suka rikice, bari in rufa masu asiri. Sai na danna wata waƙar yabo da ke cikin wayata, ta fashe a bafil huɗu.

Wata tsohuwa da ke bencin kusa da ni ta juyo, ba faɗa, ba tsawa, ta ce: "Ɗana, kashe. Magana muke yi da Shi."

Na kashe hannuna na rawa. Da na koma shago na faɗa wa maigida, ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce: "Kai yaro, a majami'a ba ƙara suke haya wurinmu ba. Kafin ka taɓa maɓalli, ka tambayi kanka muryar wa ya kamata a ji yanzu." Tun ranar na fara lura cewa kowace ɗarika da amsarta ga wannan tambaya, kuma a amsar ne bambancin sujadarsu yake.

Wurin 'yan Katolika amsar a rubuce take. Mes kashi biyu ce: sashen Kalma, sannan sashen hadaya a kan bagade. Ranar Lahadi ana karatu na fari, yawanci daga Tsohon Alkawari, a rera Zabura jama'a na amsawa, a yi karatu na biyu daga wasiƙun manzanni, sai kowa ya miƙe tsaye don karatun Bishara. Fada ya faɗa, jama'a su amsa, kamar masu daka biyu a turmi ɗaya, kowa ya san lokacin saukar taɓaryarsa. Wannan tsari ɗaya ne ko a Maradi ko a Roma, harshe kawai ke canzawa, shi ma sai bayan babban taron Batikan na biyu, na 1962 zuwa 1965, aka buɗe ƙofar yin mes da harsunan jama'a a maimakon Latin. A nan za ka ji Faransanci da Hausa, ga kuma waƙoƙin 'yan Benin da Togo da Burkina, don da yawan masu zuwa baƙi ne ma'aikata da 'yan kasuwa. Maradi ce mazaunin bishop tun 2001, yankinsa ya haɗa har Tawa da Damagaram da Agadas da Diffa. Ga mai sauti, in ka haddace tsarin ka huta. Wuri mafi wuya shi ne lokacin da fada ya ɗaga gurasa da ƙoƙo: murya ƙasa-ƙasa yake yi, mutane na durƙushe, ɗan ƙaramin kukan bafil zai ɓata komai. Nan nake riƙe numfashina.

A majami'ar maigidana kuwa, mumbari ne tsakiyar komai. Masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM sun fara zama a Damagaram a 1924, suka zo Tsibiri bayan 'yan shekaru, kuma abin da suka bari shi ne son karatu da wa'azi. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, shi ya sa Hausar sujadarsu ta zauna daram, ba ta jin ƙamshin fassara a bakin tsofaffi. Fasto zai iya yin minti 40 a kan aya uku, mutane na buɗe shafi suna binsa da yatsa. In kalma ɗaya ta ɓace a bafil na baya, dattijon ikilisiya zai taso ya same ka. Addu'a kuma ba a rubuce take ba. Mai jagora ya ce "wane, ka yi mana addu'a", mutum ya miƙe daga inda yake ya roƙa da kalmominsa: ruwan damina, mara lafiya a asibitin Galmi, yara masu jarrabawa, shugabannin ƙasa. Ba ka san daga wane lungu za a miƙe ba, sai ka ajiye yaro da mikro marar waya yana jiran ko-ta-kwana.

Ranar da Zumuntar Mata ke da waƙa, wannan wani aiki ne daban. Su zo da anko, da tulun da suke bugawa a baki da faifan soso, da caki. Har yau ban gano yadda ake ɗaukar sautin tulun nan da mikro ba. Ka matsa kusa ya yi gurnani ya danne muryoyi, ka ja baya ya ɓace. A ƙarshe na daina sa masa komai, ashe ya ishi kansa.

Majami'un Fentikos, waɗanda yawancinsu suka bunƙasa daga baya kuma suna da alaƙa da na Najeriya, su ne suka fi kama da abin da na zata tun farko. Ganga, jita, piyano, raye-raye, kwanan addu'a har asuba. Amma a can na koyi abu mafi nauyi. Akwai lokacin da fasto zai ce kowa ya buɗe baki ya yi addu'a, sai ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, wani na kuka, wani na tafiya yana kai da komo, wani na magana da harsuna. Wata rana na bar mikron wata mawaƙiya a buɗe, tana riƙe da shi a ƙirji ta manta. Sai ga roƙonta a kan aurenta yana fita a bafil na waje, har masu kabu-kabu a bakin titi na ji. Daƙiƙa kaɗan ne kafin in rufe, amma har yau in na tuna sai in ji nauyi. Ta ɗaga murya ne don hayaniyar jama'a ta zame mata labule, ni kuma na yaye shi. Yanzu da an ce a yi addu'a tare, na fasto kaɗai nake bari, shi ma in rage.

Abu ɗaya na tarar ko'ina, Addu'ar Ubangiji, wadda ke cikin Matiyu sura 6, mai farawa da kiran Allah Uba da ke cikin sama. Katolika na yin ta a kowace mes, sauran ma sun haddace ta tun suna yara. In aka zo kanta nakan sauke mikron mai jagora ƙasa sosai, don ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai kuma addu'o'in da ba a kiranmu sam: matan da ke zama da yamma suna jan carbinsu mai gida biyar, kowane gida ƙwaya 10, ko iyalin da ke karanta Zabura a tsakar gida kafin a fita aiki. Sau da yawa na je ɗaukar kaya na tarar da su, sai in tsaya a bakin ƙofa har su shafa.

Bara aka ba ni sabon yaro, muka je aikin daren Pak wurin 'yan Katolika. Na manta ban gaya masa ba cewa da duhu ake farawa: a kashe fitilu duka, a hura wuta a waje, a kunna babban kyandir, daga shi kowa ya kunna nasa har hasken ya cika ɗaki. Fitilu na mutuwa yaron ya zabura, ya ɗauka wuta aka ɗauke kamar yadda aka saba a watan zafi, ya nufi janareta da gudu. Na cafko rigarsa ta baya.

"Maigida, duhu fa!"

Na ce: "Zauna. Nasu ne."

Ya zauna a kan akwatin waya yana kallon ƙofa, har kyandir na farko ya shigo.