Kada ka zare faifai sai ka karanta lambarsa

Ƙannena masu koyon aikin kwamfuta a nan Jidda da Makka, musamman ku da aka fara damƙa wa sabar ofis, ku riƙe wannan da kyau: sunan da na'ura take kiran faifai (hard disk, ma'ajiyar bayanai) da shi daban, gurbin da faifan yake zaune daban. Idan Linux ta ce sdc ya mutu, ba ta ce na uku daga sama ba. Haruffan nan, sda, sdb, sdc, ana rabon su ne lokacin da na'ura take tashi, wanda ya fara amsawa shi ke karɓar na farko, kamar lambar layi a banki. Faifan da yake sdc yau, gobe in an kashe an kunna yana iya zama sdd. Idan ɗaya ya mutu murus kuwa, na bayansa kan matso ya gaji sunansa.

Ban san haka ba sa'ad da nake kula da sabar wani ofishi mai hidimar alhazai. Faifai 6 ne a cikinta, an haɗa su a tsarin RAID 5, wato suna aiki tare kamar faifai ɗaya, cike da hotunan fasfo da takardun masauki. Shi RAID 5 rashin faifai ɗaya kawai yake jurewa. Saƙo ya zo cewa sdd ya faɗi, na ƙirga daga sama, na zare na huɗu saba tana cikin aiki. Ashe lafiyayye na zare. Biyu ke nan babu, komai ya tsaya cik, ga aikin Hajji ya ƙarato. Na mayar da shi, muka tilasta haɗin faifan da umarnin mdadm --assemble --force, yawancin bayanan suka dawo, amma wasu takardun sai da aka koma neman su a hannun masu su. Har yau abin yana yi mini ciwo, don amanar mutane ce.

Abin da ba ya canzawa shi ne lambar siriyal. Tana cikin faifan, tana kuma buge a takardar da ke jikinsa. Da farko ka tabbatar da wanda ya faɗi: cat /proc/mdstat zai nuna maka shi da alamar F, in kuwa da tsarin ZFS aka haɗa faifan, kamar a manhajar TrueNAS, sai zpool status. Daga nan smartctl -i /dev/sdd zai ba ka lambarsa, ko lsblk -o NAME,MODEL,SERIAL ya jero maka na kowa. Rubuta a takarda, kuma ka karanta har ƙarshe, domin faifan da aka saya tare galibi farkon lambarsu iri ɗaya ne, a haruffan ƙarshe suke rabuwa.

To in ya mutu har ba ya amsawa fa? Sai ka rubuta lambobin masu rai. Wanda ka gani a cikin akwati amma babu shi a takardarka, shi ne.

Manyan sabobi irin na Dell da HP suna da 'yar fitila a kowane gurbi. Umarnin ledctl locate=/dev/sdd yana sa ta gurbin da kake nema ta riƙa ƙiftawa, masu katin haɗa faifai na kamfanin LSI kuma umarnin storcli suke amfani da shi. Ina son fitilar, amma ba na tsayawa a kanta, don in an juya wayoyin baya wajen haɗawa, ta maƙwabci ce za ta ƙifta. Wasu kan yi dabarar dd, umarnin kwafar bayanai, su sa faifai karatu don fitilarsa ta kama. Tana aiki, sai dai in ka sauya if (inda ake karantowa) da of (inda ake rubutawa) ka shafe faifan da hannunka. Sabon hannu ya bar ta tukuna.

Kuma ba duk kukan saba ne mutuwar faifai ba. Duba smartctl -a. A jerin da zai fito, idan ƙididdigar da ke layi mai lamba 5, 197 ko 198 tana hawa, jikin faifan ne ke lalacewa. Idan 199 ce kaɗai ke hawa, fara zargin waya ko mahaɗinta. Kun san zafinmu, a Makka ya kan haura digiri 40 da bazara, ga ofisoshin da ke kashe na'urar sanyaya ɗaki in an tashi aiki, ga ƙura. Wani lokaci gyaran bai wuce sauya waya da share fanka ba.

Kafin ka sa sabo, kwashe muhimman bayanai zuwa wani wuri, domin sake gina bayanai a kan sabon yana sa sauran faifan karatu na sa'o'i, su kuma sa'annin mamacin ne. In maigida ya yarda, kashe sabar gaba ɗaya sannan ka zare. A kashe, ko ka ɗauko wanda ba shi ba, mayarwa kawai za ka yi.

Sabar da ke hannunka yanzu, tun tana lafiya, nemi ranar Juma'a da ofis yake rufe, ka kashe ta, ka zaro faifan ɗaya bayan ɗaya, ka manna haruffan ƙarshe na lambar kowanne a gaban gurbinsa. Ɗauki hoto ka ajiye a wayarka, ka ba abokin aikinka kwafi. Duk ranar da ka sauya faifai, sauya takardar gurbin kafin ka bar ɗakin.