Binciken asali da matsayin mata: yadda aikin yake a ƙasar Maraɗi

Ga mai son zama mai bincike a wannan fanni, hanyar karatun dai sananniya ce: shekara 3 na lisansi, 2 na masta, 3 na dokta, duk da na ƙarshen nan ba kasafai yake tsayawa a ukun ba. Ni a Yamai na yi, a Jami'ar Abdou Moumouni, amma filin bincikena ƙauyukan Maraɗi ne, daga Tibiri zuwa Madarunfa. A can ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace.

Littattafan Amurka da muka karanta kan launin fata suke magana. Kimberlé Crenshaw, wata masaniyar shari'a ta Amurka, ta nuna a 1989 yadda wariyar fata da ta zama mace ke haɗuwa kan mutum guda. Tunanin yana da amfani, amma in ka ɗauko shi ɗungurungum ka kawo nan, ba abin da za ka gani. Mu asali ne abin dubawa: wane ne ɗa, wane ne jikan bawa, wa ya gaji ƙira ko fawa. Fata iri ɗaya, aure bai yiwuwa.

Kada ka taɓa tambayar mutum ko shi bawa ne. Tun 2003 doka ta mai da bauta laifi a Nijar, kuma a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta umarci gwamnati ta biya Hadijatou Mani, wata mata da aka riƙe a bauta, miliyan 10 na sefa saboda ba ta kare ta ba. Kowa ya san maganar na da hatsari, sai a rufe maka baki. Ta aure nake shiga. Nakan ce, "Inna, a gidan nan wa ake ba ɗiya, wa ake hanawa?" Wata tsohuwa ta ajiye taɓarya, ta dubi ƙofa, ta ce, "Ɗiyata, kashe abin nan tukuna." Sai da na kashe rikoda aka yi hirar gaske, na rubuta da hannu bayan na fito.

Kalmar "ɗiya" ita ta taɓa cinye mini wata biyu. Mai taimaka mini ya juya "ita ba ɗiya ba ce" zuwa Faransanci da ma'anar ba 'yar gidan ba ce, alhali matar na nufin ba 'yantacciya ba ce. Dole na sake sauraron hira 30. Yanzu da Hausa ake fara rubutawa, kalma bayan kalma, sannan a fassara. Awa ɗaya ta magana tana cin awa biyar zuwa shida na rubutu. Sa wannan cikin lissafin kuɗinka tun farko.

Takardar izini daga jami'a ba ta isa ba. Ka bi ta hannun hukuma, ka gai da sarki ko mai gari, sannan mai gida in matar na kulle. Kada ka zaunar da kishiyoyi wuri ɗaya, kowace za ta faɗi abin da take so ɗayar ta ji. Damina kuma ba lokacin hira ba ce, mata na gandu da gamana. Bari sai an gama kaka.

Batun ƙarin girman malaman jami'a, CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, ke tantancewa, daga metir-asistan zuwa metir-da-konferans har farfesa, kuma abin da ka wallafa ake dubawa. Kuskurena shi ne shekaru biyu da na yi ina rubuta rahotanni wa ƙungiyoyin agaji. Suna biya, gaskiya, amma rahoton da masana ba su tace ba bai da nauyin maƙala a fayil. Yanzu kafin in sa hannu a kwangila sai an rubuta cewa ina da damar fitar da maƙala daga bayanan, tare da sauya sunan ƙauye da na kowace mace.