Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hunturun da na yi babu basilin

Makon jiya mun tsaya a inda aka ɗauke ni daga wankin jirage aka miƙa ni ga dattijon da ke kula da tukwanen oksijin a filin jirgin Zariya, nan Palladan, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take tun 1964. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na bi.

Bai tambaye ni takardar makaranta ba. Hannuna ya kama ya juya, ya shinshina.

"Me ka shafa, yaro?"

"Basilin ne, Baba, ai sanyi ake yi."

"Maza je ka wanke da sabulu har gwiwar hannu. Ka goge leɓen nan, ka tuɓe rigar nan mai baƙin mai."

Duk wanda ya san Zariya a Disamba ya san abin da aka ce in yi ba ƙarami ba ne. Kafin mako ya zagayo bayan hannuna ya yi fari fat, leɓe ya tsattsage. Inna ta dube ni ta ce, "Wane irin aiki ne wannan da ya fi ƙarfin man kaɗanya?" Da daddare ta shafa mini, da asuba in kankare.

Dalilin Baba kuwa ba na wasa ba ne. Oksijin ba ya kamawa da kansa, amma shi ke ciyar da wuta. Idan aka danne shi a tukunya matsinsa ya kai 1,800 ko fiye a ma'aunin matsin iska da ake kira psi, ɗigon giris ko mai a bakin bawul ya isa ya tashi da wuta ba tare da an ƙyasta ashana ba. Shi ya sa sifanoninmu daban suke, a akwatinsu, makaniken inji bai isa ya are su ba ko da shi ne oga. Ko yoyo za mu duba, akwai ruwan kumfa na musamman marar maiƙo da muke shafawa a mahaɗar tiyo.

Yawancin jiragen koyo ba sa tashi can sama, shawaginsu suke yi ta kan Samaru da Shika su dawo. Sai mai doguwar tafiya ke neman tukunya. A iskar da muke shaƙa oksijin kashi 21 ne cikin ɗari, sama da ƙasa, amma in aka yi sama matsin iskar ke raguwa, abin da ke shiga jini ya yi kaɗan. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ita ce, a jirgin da ba a matse iskar cikinsa ba, in za a wuce minti 30 tsakanin ƙafa 10,000 da 13,000 dole a tanadi oksijin, sama da haka kuwa babu sassauci. Abin tsoron shi ne matuƙin da iska ta gaza masa ba ya jin ciwo. Nishaɗi ma yake ji, farce na yin shuɗi, lissafi na kuɓuce masa.

Cikawar kanta haƙuri take so. Manyan tukwane ne a jere kan amalanke, a ɗaure da sarƙa. Da mai ƙarancin matsi ake farawa, in ta daidaita da ƙaramar tukunyar jirgin da ake cikawa a rufe babbar a buɗe ta gaba, haka har a kai ga mafi cika. Bawul ɗin a hankali ake murɗa shi, mutum na tsaye daga gefe, ba ya fuskantar geji. Baba yakan ɗora tafinsa a jikin tukunyar, da ya ji ɗumi ya ce a dakata, domin iskar da aka tura da gaggawa zafi take yi, in ta huce kuma allurar geji ta sauko. A watan Afrilu da sassafe muke cikawa, kafin rana ta gasa kwanon rumfar. Ba ma yarda tukunya ta ƙare ƙarƙaf, akan bar aƙalla psi 50 don kada danshi ya shiga ya kawo tsatsa. Oksijin ɗin jirgi tsabtarsa kashi 99.5 ce cikin ɗari, kuma busasshe ne, don ɗan ruwan da ke ciki na iya daskarewa a sanyin sama ya toshe hanya.

Abin da ya fi haɗa Baba faɗa da mutane shi ne hatimin da ke wuyan tukunya. Ta ƙarfe mai lamba 3AA duk shekara biyar ake gwada ƙarfinta da ruwa, marar nauyi mai lamba 3HT kuwa duk shekara uku, kuma ita marar nauyin in ta cika shekara 24 aikinta ya ƙare. Har yau ina ganin wannan ne ainihin aikin, murɗa bawul kowa ma zai iya koya.

Wata Alhamis wani matuƙin ƙaramin jirgin haya ya shigo da sauri, mai jirgin na jira a mota, za su Jos su wuce gaba. Baba ya sa tabarau, ya goge wuyan tukunyar da babban yatsa, ya karanta, ya miƙa masa abarsa.

"Ranka ya daɗe, gwajinta ya wuce da wata huɗu. Ba zan cika ba."

Mutumin ya fita bai ce uffan ba. Can sai ga shi ya dawo tare da Alhajin da kansa, malum-malum na jan ƙasa. Yadda suka kwashe da Baba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.